Hannu Kafin Ƙafa

Takardar tana aljihun gaban rigata, na ninke ta gida huɗu, kuma tun daga ƙofar asibiti nake taɓa ta kamar wani zai fizge. Takardar kamfani ce. Kowace shekara sai likita ya sa hannu a kanta, ya tabbatar direba yana gani, yana ji, hannu da ƙafa suna aiki, sannan a bar shi ya ci gaba da jan mota. Shekara goma sha tara ke nan ina tuƙa bas ɗin ma'aikata, mutum talatin da biyu safe da yamma, ko fitilar wani ban taɓa fasawa ba. Amma bana takardar nan ta hana ni cin abincin kirki kwana uku. Akwai layi ɗaya a cikinta da ke tambaya ko direba yana jin ƙafafunsa. Ni kuwa na san amsar, kuma ba ita nake so a rubuta ba.

Tun da aka gano ina da ciwon suga aka jefa ni cikin 'yan Laraba. A asibitin nan ba a ganin irinmu ɗaya bayan ɗaya sai in abu ya ɓaci. Larabar farkon kowane wata ake haɗa mu, mu takwas, a wani ɗaki mai kujerun roba a zagaye, da farin allo, da sikeli a bakin ƙofa, da fanka mai kuka kamar motar da boris ɗin tayarta ya cinye. A auna nauyi, a auna jini, a soki yatsa, sannan a zauna awa biyu ana magana, likita da Sista suna tsakiyarmu. Ranar farko da haushi na koma gida. Na ce wa matata wannan ai rowar likita ce kawai, a ce mutum ya kwaso ciwonsa ya zo ya baje shi a gaban baƙi. Ta ce, "Kai da ko a gabana ba ka iya baje shi ba." Na yi kamar ban ji ta ba.

Sai dai in gaskiya za a bi, kusan duk abin da na sani game da ciwon nan a bakin 'yan ɗakin na tsince shi. Likita zai yi bayani, ya zana a allo, in gyaɗa kai, kafin in kai bakin titi duk ya bi iska. Amma ranar da Malama, wata tsohuwar malamar firamare mai rubuta komai a littafi, ta kama hannuna ta nuna min a gefen yatsa ake suka ba a tsakiya ba, ban sake mantawa ba. Wani dattijo da muke ce wa Ɗan Fansho ne ya koya min ajiye alawa uku a aljihu saboda ranar da suga zai faɗi, bayan ya ba mu labarin yadda ya zube a layin karɓar magani mutane suka ɗauka wani abu ya sha. Tambayar da kake jin kunyar yi kuwa, ka yi shiru abinka, wani zai yi maka ita, ka samu amsa a ɓagas ba wanda ya kalle ka.

Abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, ba alheri kaɗai na koya a ɗakin ba.

Duk bayan wata uku akwai gwajin ƙafa. Kowa ya cire takalmi da safa, a jera takalman a jikin bango, sannan ɗaya bayan ɗaya ka ɗora ƙafa a kan wata 'yar kujerar ƙarfe. Sista ta zauna a gabanka riƙe da wani siririn silin roba, wanda 'yan ɗakin suka raɗa wa suna gashin Sista. Ka rufe ido, ta taɓa tafin ƙafarka da shi a wurare goma, kowane taɓi ta ce, "Yanzu fa?" In ka ji, ka ce ka ji. Kuma tana da wayo, wani lokaci ba tare da ta taɓa komai ba sai ta tambaya, don ta kama mai amsawa da ka.

Ni a ƙarshen layi nake zama, saboda haka mutum bakwai nake kallo kafin a zo kaina. Ga shi kuma Allah ya ba ni kunne, daga kukan inji nake gane abin da ke damun mota tun bakanike bai buɗe bonet ba. A gwajin farko na lura da wani abu. Katin aikin Sista yana rataye a wuyanta da doguwar igiya. In za ta taɓa da gaske sai ta sunkuya, katin ya bugi ƙarfen kujera, ƙas. In tambayar tarko ce ba ta sunkuyawa, babu ƙas. Da aka zo kaina na rufe ido, na buɗe kunne. Goma bisa goma na ci, dama da hagu. Sista har yaba ni ta yi, ta ce, "Ku ga Malam Direba, shi ne ɗalibinmu na ɗaya." Aka yi min tafi. Ni kuwa a wuri uku kacal na ji wani abu, shi ma kamar daga nesa.

A lokacin na ce wa kaina sanyin tayil ne. A gwaji na biyu ban ce wa kaina komai ba, domin kafin nan na riga na ga abin da na gani. Wata safiya ina gangarowa kan wata mahaɗa da mota cike, danja ta ba da ja, na taka birki, bas ya ƙi tsayawa yadda na saba. Na danna da ƙarfin gwiwa. Muka tsaya, tsakaninmu da wata ƙaramar mota bai kai tafin hannu ba. Da na leƙa ƙasa sai na ga takalmina na dama a yashe gefe, ƙafata tsirara, rabinta a kan birki rabi a iska. Ban san sanda ya fice ba. Wani daga baya ya ce, "Direba, yau da wa ka yi faɗa a gida?" Aka yi dariya, ni ma na yi.

A ranar na sayi takalmin but mai igiya, na riƙa ɗaure shi tamau don kada ya sake gudu, na haɗa da baƙaƙen safa. Na koma tuƙi da gwiwa da kunne, in danna daga sama, in saurari inji ya gaya min iya abin da na danna. Wata huɗu na yi a haka, kowace safiya gabana na faɗuwa tun daga tayar da mota, kuma ko matata ban gaya wa ba. Shekarata hamsin da huɗu, ban iya komai ba sai sitiyari. In aka karɓe makullin nan ban san me zan tashi in yi da safe ba.

To yau ga gwaji na uku, ga takarda a aljihu. Likita ya ce zai sa hannu da zarar Sista ta gama da ƙafafunmu. Abin da ya rage min kawai in sake cin jarrabawar sau ɗaya.

Akwai wani a cikinmu da ban ambata ba, don ba na son ko kallonsa. Shumeka muke ce masa, gyaran takalmi ne aikinsa, kuma ya fi kowa daɗewa a ɗakin. An yanke masa yatsu uku da gaban ƙafarsa ta hagu. Ranar gwaji in ya cire safa nakan mayar da idona kan allo. Kullum kusa da bango yake zama, inda ake jera takalma, kuma ba ya iya ganin takalmi bai ɗauka ya juya shi ba. Shi ne ya taɓa tona wa Ɗan Fansho asiri, ya ce, "Baba, wannan tafiyar safen da kake ba mu labari, a kafaɗa kake ɗaukar takalmin ne? Ƙasansa ko ƙwarzane babu." Yana da wata magana da yake maimaitawa har ta ishe ni: hannu kafin ƙafa. Wai kada mai suga ya sa takalmi sai ya zura hannu ya laluba ciki. Ni da ke fita biyar da rabi, ina na ga lokacin gaisawa da takalmi.

Sista ta fara da Malama. Na gyara zama ina saurare, don in tabbatar katin yana nan. Ƙas. "Yanzu fa?" "Na ji." Na sauke ajiyar zuciya a ɓoye.

Ana kan mutum na uku sai na ji ana jan kujera kusa da ni. Shumeka ne, riƙe da but ɗina na dama.

"Direba, ara min hannunka," ya ce, ƙasa-ƙasa.

"Me kuma? Ajiye min takalmina, ba gyara na kawo ba."

"Na sani. Ara min dai."

Kafin in sake magana ya kama wuyan hannuna ya cusa cikin but ɗin, har can gaba, daidai inda gindin babban yatsa ke zama. Wani abu ya soke ni. Na fizge hannu, ga ɗigon jini a kan yatsana. Ya juya takalmin ya nuna min ƙasansa. Kan ƙusa ne a nutse cikin robar, yana ƙyalli.

"Ka ga kanta?" ya ce. "Ya goge har ya yi sumul. Ƙusar da aka taka jiya ba ta haka. Wannan ta yi kwana goma ana taka ta, in ma ba ta fi ba."

Na kalli ƙasa. Ƙafata ta dama tana kan tayil. Na ɗan ɗaga ta, sai ga tabo a wurin, ja-ja da ruwan ɗorawa. Tumbina ya daɗe da raba ni da ganin tafin ƙafata. Laimar da nake gani a safa kwanakin nan na ɗauka zufa ce, ga safar baƙa, ba ta nuna komai.

Ina jin kunyar faɗar wannan, amma abin da ya fara zuwa raina ba ƙafar ba ce, ƙaryar da zan yi ce. Zan ce da safen nan na taka a gareji, na ji zafinta, har in ɗan yi ɗingishi. A wanke, a naɗe, rauni ne kawai irin na kowa. In ci gwajin da kunne, a sa min hannu.

"Na ji ta ai," na ce masa. "Ɗazu na taka." Ya zuba min ido. Sai na ce, "Rufa min asiri, ɗan'uwa."

"Ni ba zan buɗe baki ba. Ba hurumina ba ne."

Daga can gefe katin ya buga, ƙas. Ya ɗan nuna wajen da haɓa.

"Ka ji shi, ko?"

Na kawar da kai.

"Tun gwajin farko na gan ka, ka karkatar da kai kamar mai kama tashar rediyo. Kana tsammanin kai ka fara? Sau huɗu na ci goma bisa goma a kan kujerar nan. Ni ma an yi min tafi."

Ya miƙo ƙafarsa ta hagu ya ajiye kusa da tawa. A karon farko na kalle ta sosai. An naɗo fata daga ƙasa an ɗinke ta a sama, wurin ya yi sumul yana sheƙi, yatsu biyu sun rage a gefe.

"'Yar mitsitsiyar ƙusa ce, daga cikin gwangwanin aikina," ya ce. "Ni da nake cire wa mutane. Sai da matata ta ji wari sannan muka duba."

"Me ya hana ka gaya wa Sista zancen katin?"

"Kunya. Na ce ai ni kaɗai ne wawan da zai yi haka. Da na gan ka kuma, wata shida ke nan ina neman bakin da zan yi maka magana, kai kuwa ko gaisuwa da kyar kake amsa min." Ya mayar da ƙafarsa ƙarƙashin kujera. "Ni dai sanda nake yaudarar matar nan, kaina kaɗai nake ɗauke da shi. Kai mutum nawa kake ɗauka?"

Nan take na gan su a raina, duka talatin da biyun. Matar da ke zama bayana tana gyangyaɗi da jakar abinci a cinya, da mutumin nan mai yi min tsiya daga kujerar baya, da ƙaramar motar da ya rage tafin hannu in buge ta.

"Saura ɗalibinmu na ɗaya," Sista ta ce tana murmushi.

Na ja kujera gaba, na ɗora ƙafar hagu, ta daman kuwa na manna ta a tayil kan tabon. Takardar tana sukar ni ta aljihu.

"Rufe ido."

Na rufe. Ƙas.

"Yanzu fa?"

Amsar tana kan harshena, kalma biyu kacal, na saba faɗarsu. Na buɗe ido.

"Sista, don Allah ki cire katin nan na wuyanki."

"Kati? Me ya yi maka?"

"Yana bugun kujera in kin sunkuya. Shi nake ji, ba ƙafata ba."

Ta kalli katin, ta sunkuya kaɗan, ya buga. Ta ɗago, ta sake sunkuyawa, ya sake bugawa. Sannan ta zare igiyar ta kanta ta tura a aljihu. Na so a ce ta yi min faɗa, da ya fi min sauƙi. Muryarta a sanyaye ta ce, "Rufe idonka, Malam."

Na rufe. Babu ƙas, babu komai.

"Yanzu fa?"

"Ban ji ba."

"Yanzu fa?"

"Ban ji ba."

Ban san wacce ce tambayar gaske wacce ce ta tarko ba, duk ɗaya suke a wurina. A dunduniya kaɗai na ji wani ɗan taɓi, na ce na ji da sauri kamar wanda aka ba kyauta. Ta ce in kawo ta dama. Na ɗago ta na ɗora. Ba ta ce in rufe ido ba wannan karon.

"Likita, zo ka gani."

Likita ya sa safar hannu ya durƙusa. Ya danna gefen raunin yana kallon fuskata, ni kuma ina kallon yatsansa yana nutsewa a naman da ya zama kamar na wani. Ya ce sai an ɗauki hoto a ga ko bai kai ƙashi ba, za a wanke, a ba ni magani, kuma daga yau ba zan taka ƙafar ba sai ya ce.

"Da ka ƙara mako biyu, da wani zance muke yi," ya ce.

"Likita, tuƙin fa?"

Ya cire safar hannun a hankali kafin ya amsa. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Takardarka ba zan sa mata hannu ba. Yanzu ƙafar muke so mu tsirar, sauran za mu zauna mu yi magana."

Na san haka zai ce. Shekara goma sha tara. Na sunkuyar da kai don kada su ga idona, ina jiran wani ya yi tsaki ko ya ce ai ga ɗalibi na ɗaya.

Sai na ji an rufe littafi. Malama ce ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Sista, ni ma a sake min nawa. Ba kati."

Ɗan Fansho ya yi gyaran murya sau biyu, ya sosa ƙeya. "To, tunda abin ya zama haka, in da sauran lokaci a leƙa tawa ma."

Sista ta riƙe haɓa ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya. "Innalillahi. Ashe shekara da shekaru kunnuwa nake aunawa." Wasu suka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Shumeka bai yi ba. Ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna motsi.

Ina zaune a ɗakin wankin rauni, an naɗe min ƙafa da farin bandeji, sai Shumeka ya shigo yana dogara sanda, riƙe da takalmana biyu. Ya riga ya zare ƙusar da fulayar da ba ta barin aljihunsa. Ya miƙo min ita, ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba. Na jefa ta a aljihu tare da makullin bas.

Na kira manaja na ce a nemi wanda zai ɗauki ma'aikata ƙarfe huɗu. Ya ce lafiya dai, har zuwa yaushe? Na ce ban sani ba, gobe zan aiko da makulli. Sannan na kira matata na ce ta zo asibiti ta raka ni gida. Ta rikice tana tambayar me ya faru.

"Ki zo dai," na ce. "Akwai abin da zan baje miki."

Shumeka ya turo min but ɗin hagu da kan sandarsa, ya tsaya yana kallona. Na ɗauka, na zura hannu har ƙarshe, na laluba ko'ina, sannan na sa ƙafa. Sai da na leƙa na tabbatar ta shiga.